Ra'ayinmu: A Bar Jarumi Ya Yi Jinya

A majalisun Ɗanbatta, dara da lido da kati ne ke da kasuwa. Amma akwai wani wasan tebur da ya daɗe da karɓuwa a duniya, inda mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, a jefa ɗan lido ya yanke ko sara ya kama ko ya kuskure. Mafi shahara a cikin irinsa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A cikinsa idan jarumi ya ji ciwo, akwai abokin tafiya mai bauta wa wani ƙagaggen abin bauta, ya roƙe shi, nan take rauni ya rufe. Ga ɗan Musulmin da ke son ƙera irin wannan wasa da Hausa, ko marubucin littattafan yaƙi, nan gizo ke saƙa. Idan an cire wannan roƙo saboda gudun shirka, wa zai warkar da jarumi?

Masu son warkewar nan take suna da hujja. Abokai sun taru na 'yan sa'o'i ne, kuma idan jarumin wani ya kwanta wata biyu, mai shi ya zama ɗan kallo. Masu ƙera wasan ma sun nemi mafita. A bugun 2008 sun kawo kwamandan yaƙi da ke farfaɗo da abokansa da kalmar ƙarfafa gwiwa, a na 2014 kuwa hutun sa'a takwas ya isa ya mayar wa jarumi dukan ƙarfinsa. Ba a roƙi kowa ba, amma rauni ya yi arha, har mashi ya daina ba kowa tsoro.

Adabinmu ya bi wata hanyar tun da daɗewa. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, ɗan sarki ne ba shi da lafiya, kuma neman maganinsa shi ne labarin gaba ɗaya. Jarumin littafin, Alhaji Imam, ya yi shekaru yana yawo kafin ya kawo ruwan. Tsadar waraka ce ta ba littafin armashi. Kuma ƙasarmu ba ta rasa masu sana'ar da za a sa a wasa ba: mai ɗori da ke daidaita ƙashi ya ɗaure, wanzami da ƙahonsa, ungozoma, da mai sassaƙe da ya san sabara da darbejiya. Kowannensu yana buƙatar kaya da lokaci da lada, kuma aikinsa yana iya cin tura. Daga nan ake samun shawara mai wuya: a tsaya jinya maƙiya su cim musu, ko a ci gaba da gurgu?

Sai dai da gargaɗi. Yara na koyo daga wasa. Garin da ke da babban asibiti da makarantar horar da ungozomomi bai kamata a koya wa 'ya'yansa cewa tsaga ko cire beli na maganin kowace cuta ba. Dole dokar wasan ta nuna cewa ƙazamar aska tana jawo ruɓewa, kuma mugun ɗori yana barin nakasa.

Hukuncinmu shi ne a bar ƙagaggun alloli, a kuma guji warkewar dare ɗaya. Ƙaramin rauni ya wuce da hutu don kada wasa ya tsaya. Babba kuwa ya nemi gwani, ya ci kwanaki, ya bar tabo, a kuma ba mai jinya wani aiki a labarin, ko da gadin zango ne ko jin sirrin gari. Jarumin da ya san karaya za ta kwantar da shi zai yi tunani kafin ya zare takobi, kuma wasan da ke koya wa matasa wannan ya cancanci wuri a majalisa.