A Daina Zuba Wa Wake Fiya-Fiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja kunnen 'yan'uwana manoma da 'yan tiya na Shinkafi, Zurmi da Kaura Namoda game da maganin ƙwari da ake zuba wa wake.

Kowa ya san wake ba ya da haƙurin ajiya. In ka ɗinke buhu da kaka, kafin wata uku ƙwaro ya mai da rabinsa gari. Don haka ba na zagin wanda ya nemi dabara, ni ma da waken nake ci da iyali. Amma abin da ake yi yanzu ya wuce dabara. Mutum zai buɗe kwalbar Sniper ko fiya-fiya ya yayyafa ga wake, ya gauraya da hannu, ya ɗinke, ran Alhamis ya kai kasuwar Shinkafi. To jama'a, wanga magani ruwa ne mai maiƙo, kuma ƙwayar wake tana shan shi. Matar da ta saya ta wanke sau biyu tana zaton ta fita, alhali wanki ba ya fitar da duk abin da ya shige ciki. Gobe shi ne ƙosai da alala na 'yan makaranta.

Ba tatsuniya nake ba ku ba. A 2008 ɗalibai fiye da 100 na makarantar 'yan mata ta Doma a jihar Gombe suka kwanta bayan sun ci wake, aka bincika aka samu Gammalin a ciki. A 2015 ƙasashen Turai suka rufe wa wakenmu ƙofa saboda sun auna sun ga gubar da ke cikin Sniper ta ninka iyakar da suka yarda da ita, a 2016 suka ƙara wa'adin. Su dai suna da na'urar awo, shi ya sa suka gane. Mu nan sai ciki ya murɗa wa yaro, ga amai ga yawu na zuba, a ce iska ne ko sammu. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben a kasuwa, amma kowa ya je layin masu magani ya duba da idonsa.

Na san abin da abokan sana'a za su ce: riba ƙanƙanuwa ce, buhun leda kuma da tsada. Gaskiya ne, ya fi buhun gama-gari kuɗi. Amma wannan buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi aka fara yaɗawa a 2007, ba ya son magani ko ɗigo. Leda biyu ce ciki, buhu waje. Ka shanya wake ya bushe ƙayau, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda ita kaɗai, ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu. In ɓera bai huda ba za ka sake aiki da shi baɗi. Ganga ko jarka mai murfi ma haka take yi in an cika ta fal. Iyayenmu kuwa da toka da yashi suka riƙa ajiye iri.

Masu sa ƙwayar Phostoxin, don Allah a naɗe ta a takarda kada ta taɓa hatsi, kuma kada a aje buhun a ɗakin da ake kwana, don hayaƙinta kisa yake yi.

Ina kira ga shugabannin kasuwa da malaman gona na ƙananan hukumominmu uku da su riƙa zagaya layin 'yan wake ranar kasuwa. Mai saye kuma ya ɗebo ya shinshina kafin a auna masa, in ya ji warin magani ya bar wa mai shi kayansa.

Naku,
Wani manomi kuma ɗan tiya,
Shinkafi, Jihar Zamfara.