Lambar da ka auna ta fi ta littafi gaskiya

Yau zancenmu daga ɗakin gwaje-gwaje na fiziks ya fito, a kan wani gwaji da ɗaliban kimiyya a sakandare suka sani: auna ƙarfin gogayya tsakanin abu biyu. Ra'ayina a taƙaice shi ne, ɗalibin da ya kawo lambar da hannunsa ya auna, ko da ta saɓa wa ta littafi, ya fi wanda ya gyara tasa don ta dace cancantar maki.

Ga yadda gwajin yake ga wanda bai taɓa yi ba. Ka ɗora guntun katako a kan falanki, ka riƙa ɗaga kai ɗaya na falankin a hankali har guntun ya fara silalowa. Nan take ka tsaya. Ka auna tsayin da ka ɗaga, ka kuma auna nisan ƙasa daga gindin falankin zuwa daidai ƙarƙashin kan da ka ɗaga. Ka raba tsayin da nisan. In tsayin santimita 30 ne, nisan kuma 60, amsarka 0.5. Wannan lamba ita ce ma'aunin gogayya. In ta yi girma, abu biyun sun kama juna sosai. In ta yi ƙanƙanta, akwai santsi.

Abin mamakin shi ne, ko ka ɗora wani guntun a kan na farko nauyi ya ninka, kusan a wannan tsayin zai fara silalowa. Nauyin da ke jan sa ƙasa ya ninka, amma matsin da ke manne shi da falankin ma ya ninka. Leonardo da Vinci ya rubuta haka a takardunsa tun 1493, Guillaume Amontons ya sake gano shi a Faransa a 1699, Charles Coulomb kuma ya faɗaɗa binciken a aikin da aka buga a 1785. Dukkansu da ja da turawa da aunawa suka kai ga sani. Gani ya kori ji.

To ina matsalar? A ce ɗalibi ya gwada sau uku ya samu 0.43 da 0.47 da 0.52, littafi kuma ya ce 0.4. Sai gabansa ya faɗi, ya ɗauko abin goge rubutu ya daidaita lambobinsa. Wani ma daga amsar littafin yake faro lissafi ya koma baya, ya ƙirƙiro tsayin da bai taɓa aunawa ba.

Ai ba haka lambar take ba. Ba irin gudun haske ba ce da ke nan daram a ko'ina. Ta abu biyu ce a halin da suke a wannan rana. Ƙurar hunturu in ta kwanta a falanki za ta sauya ta. Laimar damina in katako ya sha za ta sauya ta. Maiƙon hannu da kaushin fiƙa ma haka. Shi ya sa littattafai masu kula ba sa ba da lamba ɗaya. Katako a kan katako sukan ce daga 0.25 zuwa 0.5. Sannan ƙarfin da ake buƙata kafin abu ya motsa yakan fi wanda ake buƙata bayan ya fara tafiya, kamar yadda duk wanda ya taɓa tura buhun hatsi a kan siminti ya sani. Ɗalibin da ya gwama tasa da lambar abu mai tafiya zai ga bambanci alhali bai yi kuskure ba.

Wani zai ce malami da aji cike, kayan aiki tsofaffi, lokaci ƙalilan, ina zai bi bayanin kowa? Uzuri ne mai ƙarfi. Amma wannan gwaji falanki da rula kawai yake buƙata, gyaran kuma a rabon maki yake. A ba da maki ga wanda ya maimaita sau biyar, ya rubuta duk abin da ya samu, ya fitar da matsakaici, ya faɗi dalilin da yake ganin ya sa suka bambanta. Ranar da ɗalibai suka ga gaskiya na kawo maki, abin goge rubutu zai huta.

Kada a ɗauka wasan aji ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, in gogayyar taya da busasshiyar kwalta 0.7 ce, tana buƙatar kimanin mita 56 ta tsaya bayan birki ya kama. In ruwan sama ya sauke lambar zuwa 0.4, sai ta ci kusan mita 98. A cikin wannan tazarar ta mita 42 akwai mai tsallaka titi. Yaron da ya saba gyara lamba don malami ya ji daɗi, gobe shi ne injiniyan da zai sa hannu a kan gwajin birki.

Malaman kimiyya da ke cikinmu, ya kuke raba makin wannan gwaji a azuzuwanku?