Manazarta a Rubutun Likitanci: Isnadin Ilmin Lafiya

Ɗalibai da yawa sun ɗauki jeren manazarta a matsayin wata wahala da malami ke ɗora wa mai rubutu bayan an gama aikin gaske. A ganinsu, inda aka sa waƙafi da inda aka sa aya duk ɗaya ne, muddin dai sunan littafi ya fito. Wannan ra'ayi yana iya wucewa ba tare da ɓarna mai yawa ba a wasu fannoni. A fannin lafiya kuwa, inda jimla guda take iya zama hujjar da za a bi wajen ba majinyaci magani, sakaci da manazarta sakaci ne da rai.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya san hadisi yana da sassa biyu, watau matani da isnadi, kuma ba a karɓar matani sai an bi sarƙar waɗanda suka ruwaito shi. Manazarta ita ce isnadin likita. Aikinta shi ne ta kai mai karatu ainihin shafin da magana ta fito, ya gani da idonsa.

Saboda wannan ne waɗansu editocin mujallun likitanci suka haɗu a birnin Vancouver na ƙasar Kanada a shekarar 1978, suka amince da tsari guda, wanda aka fara bugawa a 1979. Tsarin ya sha bamban da wanda aka saba da shi a sassan Hausa, inda ake kawo sunan marubuci da shekara a cikin rubutu, sa'an nan a jera manazarta bisa harufa. A nan lamba ake sawa, kuma ana jera madogara bisa yadda suka fara bayyana. Kowace madogara takan fara da sunan iyalin marubuci da harufan farko na sauran sunayensa. Idan marubuta sun haura shida, mujallu da yawa sukan tsaya ga shida na farko. Daga nan sai kan maƙala, sai gajeren sunan mujalla kamar yadda Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka ya tsara, sai shekara, da kundi, da fitowa, da shafuka. Tsarin ya kuma tanadi wurin da za a nuna cewa rubutun wasiƙa ce ko sharhin edita.

Abin da ya faru da wata wasiƙa ya isa ya nuna amfanin waɗannan ƙananan abubuwa. A watan Janairu na 1980, mujallar New England Journal of Medicine ta buga wasiƙa mai jimla biyar da Jane Porter da Hershel Jick na Boston suka aika mata. Sun ce daga cikin majinyata 11,882 da aka ba magungunan kashe raɗaɗi dangin mofin a asibiti, huɗu kaɗai aka samu maganin ya zame musu jaraba. Mutanen nan a kwance suke a asibiti, ana lura da su. Wasiƙar ba ta ce kome ba game da wanda zai tafi gida da ƙwayoyi ya yi ta sha wata da watanni. Duk da haka marubuta suka yi ta kafa hujja da ita, wani yana kwafa daga wani, cewa waɗannan magunguna ba su cika kama mutum ba. A 2017 waɗansu masu bincike a Kanada suka ƙidaya an ambace ta sau 608. Fiye da kashi 70 cikin ɗari sun kawo ta a matsayin wannan hujja, kimanin kashi 80 kuma ba su faɗi cewa majinyatan asibiti ake nufi ba. A tsakanin waɗannan shekaru annobar shan ƙwayoyin ta ci rayukan dubban ɗaruruwan mutane a Amurka. Ba wasiƙar kaɗai ta jawo wannan ba, amma ta zama sandar da aka dogara da ita.

Abin lura a nan shi ne madogarar da kanta ta tona asirin wasiƙar: kundi na 302, fitowa ta 2, shafi na 123. Shafi ɗaya tak. Mai karatu mai hankali da ya ga haka zai tambayi kansa yadda babban bincike zai ƙare a shafi guda, ya je ya duba. Wanda ya rubuta lambobin daidai ya ba shi wannan dama. Wanda ya yi musu riƙon sakainar kashi ya toshe ta.

Wani zai ce ai yanzu kwamfuta tana tsara manazarta cikin ƙiftawar ido, kuma yawancin maƙalu suna da lambar shaida da ke kai mutum gare su ta intanet. Gaskiya ne, kuma sauƙi ne babba. Sai dai na'ura jerawa take yi, karantawa aikin marubuci ne. Wanda ya sa madogara a ƙarshen aikinsa ya yi shaida ne cewa ya ga abin da ke ciki, shaidar zur kuwa ba ta zama gaskiya don an rubuta ta da kyau.

Wannan magana ta shafi ɗaliban Hausa kai tsaye, domin daga cikinsu ne ake samun masu fassara bayanan lafiya don rediyo da jaridu da takardun wayar da kai. Wajibi ne mai fassara ya bar sunan mujalla da kan maƙala da lambobi yadda suke, kada ya Hausantar da su har a kasa gano asalinsu, kuma kada ya fake da “masana sun ce” alhali bai san masanan ba. Mai sauraro a ƙauye ba shi da hanyar zuwa ɗakin karatu. Amanar binciken tana wuyan wanda ya kai masa labari. Kowa ya koyi tambayar “wa ya ruwaito?” a gaban malamin hadisi, ya kamata ya yi ta a gaban maganar likita.