Tarkacen jiragen yaƙi: A duba lamba kafin a ɗora a sikeli

Duk wanda ke cin kasuwar Malanbil, ko yake ketarawa daga Madekali zuwa Lolo da Kamba, ya san yadda sana'ar gwangwan ta bunƙasa. Ana auna ƙarfe da sanholo a sikeli, a biya da sefa ko naira, maƙera su narkar su zuba tukwane. Sai dai akwai ƙarfen da darajarsa ta wuce nauyinsa, wato tarkacen tsofaffin jiragen saman yaƙi, kuma yankinmu yana da tarihi da su.

Idan ba a manta ba, a Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1940 da 1943, Turawan Ingila sun harhaɗa jirage sama da 5,000 a Takoradi ta ƙasar Gana, suka bi da su ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartum har Masar. Wasu sun faɗi a hanya, wasu kuma a hamada bayan sun isa fagen daga.

Yadda masana ke gane irin wannan jirgi ba boyayye ba ne. Kowane jirgi yana da lambarsa a jiki, injinsa yana da tasa, sannan akwai ɗan allon ƙarfe da kamfani ke mannawa ɗauke da sunansa da lambar ƙira. Waɗannan lambobi ake gwadawa da kundin rundunar, a san ranar da ya tashi da waɗanda ke ciki. Ta haka aka gane jirgin Amurka mai suna Lady Be Good, wanda ya ɓace a Afrilun 1943, masu neman mai suka hango shi a hamadar Libiya a 1958. A 1960 aka samo gawarwakin takwas daga cikin mutane tara da ke cikinsa, aka mayar wa iyalansu.

Haka kuma a 2012 aka tsinci wani jirgin Ingila ƙirar Kittyhawk a hamadar Masar, wanda matuƙinsa, Dennis Copping, ya ɓace da shi a Yunin 1942. Labari na bazuwa, mutane suka fara kwance sassansa, kafin daga baya a kai shi gidan tarihi na El Alamein. Kowane sashe da aka kwance, shaida ce ta salwanta.

Bayan tarihi, akwai batun rai. Irin waɗannan jirage kan faɗi da harsasai, kuma tsohon harsashi yana iya tashi idan ya ji wutar maƙera. Agogunan gaban matuƙi kuwa an shafa musu sinadarin radiyam mai haske da dare, wanda ƙurarsa ke jawo ciwon daji. Ga kuma halin tsaro a kan iyakar Benin da Nijar da Najeriya, inda a kama mutum da kayan soja ba ƙaramar masifa ba ce.

A namu ganin, duk ɗan kasuwar da aka kawo masa ƙarfe marar nauyi mai jerin ƙusoshi da lambobi, kada ya yi gaggawar sarewa. Ya tambayi inda aka samo shi, ya rubuta lambar, ya ɗauki hoto, sannan ya sanar da sarkin kasuwa da jandarmomi ko 'yan sanda. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya tsare mana dukiya da rayuka, amin.