Sankarar Mama: Ku Daina Cewa "Ai Ta Riga Ta Yi Nisa"



Yau raina a ɓace yake. Jiya na je duba wata baiwar Allah a unguwarmu, sankarar mama ta fashe mata, ga ciwon baya ya hana ta barci. Na ce don me ba a kai ta asibiti ba? Sai dangin miji suka ce wai ta riga ta yi nisa, kuma in ƙarfe ya taɓa ta bazuwa za ta yi. An sayar da awakinta an kai wa mai magani da lasifika a kasuwa.

Wallahi wannan zalunci ne. Ko ciwon ya yi nisa, likitan kansa yana da abin yi. Zai ɗebi ɗan nama da allura a gwada, don sankarar iri-iri ce, kuma wannan gwajin ba ya baza ta. Wata sinadarin jikin mace ke ciyar da ita, sai a ba ki ƙwaya irin Tamoxifen, ɗaya kullum, kina gidanki. Wata sai kemo, galibi duk bayan sati 3. Gashi zai zube, amma yana sake fitowa. Wani lokaci da kemo ake fara rage ƙullutun kafin a yi aiki. In ta shiga ƙashi, akwai na'urar gashi mai kwantar da raɗaɗi, ana yi a Shika, Sakkwato da Abuja. Akwai mofin na ciwo mai tsanani, akwai wankin gyambo mai kashe wari.

Ba zan yi muku ƙarya ba: in ta kai hanta ko huhu, likita ba zai ce zai warkar ba. Zai ce zai danne ta, ki samu barci, ki ƙara kwana cikin 'ya'yanki da yardar Allah. Shi kuwa na kasuwa cewa yake kwana bakwai ta ɓace. Tsakaninsu wa ke yaudara?

Kuɗi fa? E, da tsada. Amma mu da muke haɗa kuɗin anko cikin kwana biyu, kuɗin motar zuwa Shika ne zai gagare mu? Kuma tun 2021 akwai asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa marasa ƙarfi masu wannan ciwo, ku tambaya a asibitin koyarwa.

Duk mai irin wannan majinyaciya a layinsu, ta faɗa wa shugabar mazaɓarta yau ɗin nan. Kunya ba ta magani.

A tura wa sauran guruf. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Taku, Shugabar Mata.