Zaman Gida: A Gode wa Uwar Kurma

A ƙasar Dakoro, daga Kornaka zuwa Birnin Lalle har rugagen kwarin Tarka, da wuya a rasa yaron da ba ya ji. Wani haka aka haife shi. Amma da yawa sun fara ji, har sun fara kiran "inna", sannan ciwo ya toshe musu kunne. Babban mai wannan ɓarna shi ne sanƙarau, wanda ke zuwa daga hunturu har bazara, lokacin ƙura. Masana lafiya sun ce cikin mutum 5 da suka tashi daga sanƙarau, wajen 1 yakan saura da lahani, kuma kurumta na cikin lahanin da aka fi gani. Ƙyanda ma tana jawo ta, haka kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya. Manya ba su manta da sanƙarau na 1995 ba. A 2015 ma ya dawo da ƙarfi.

Ciwo ne ke nan. Ba sammun kishiya ba ne, ba laifin uwa ba ne. Duk da haka ita ake yi wa gori a bakin rijiya.

To, a duba aikinta. Maigida yana gona, ko ya bi dabbobi, ko ya tafi cin rani. Uwa ce zaune da yaro. Yawancin kurame iyayensu masu ji ne, saboda haka ba wanda ya taɓa koya mata maganar hannu. Ita da ɗanta ke ƙago tasu. Ga alamar ruwa, ga ta fura, ga ta wuta, ga ta maciji. Kowa a gida da alamar sunansa: mai gemu, mai tsage, mai rawani. Yaro mai ji, in mota ta taho, daga nesa ake kwaɗa masa kira. Kurma kuwa sai an bar turmi an ruga an kamo shi. Malamin yaƙi da jahilci yana da allo da alli, kuma ana gode masa. Ita ba allo ba albashi, ga shi magana ɗungum ta koyar.

Uwayen da suka daɗe cikin wannan hali sun san ba wahalar banza suka sha ba. Ranar da yaro ya fara nuna abin da ke ransa da hannu, uwa tana murna kamar wadda ɗanta ya yi magana, ta yi wa Allah godiya. In ya girma yana noma, yana kiwo, yana ɗinki. A likita da kasuwa, har wajen neman aure, ita ce tafinta.

Kada a raina maganar hannu, harshe ce sosai. Kuramen Kano suna da tasu tun kaka da kakanni, har wata Bajamusa mai suna Constanze Schmaling ta rubuta littafi a kanta a 2000. A Kanon an buɗe makarantar kurame ta Tudun Maliki a 1977. Akwai kuma Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka. Sanƙarau ya kurumta shi yana da shekara 11. Bai zauna bara ba. Ya yi karatu mai zurfi, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, kuma kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa sama da 30 a Afirka. A Nijar akwai lakwal ta kurame a Yamai, da Damagaram, da Maraɗi. Ta Maraɗi ce kusa, amma tafiyar ta fi kilomita 100, ga neman gidan da yaro zai sauka. Rabuwar ta fi zafi ga uwa.

Godiyar baki ba ta isa ba. Maigida ya zauna ya koyi alamun daga matarsa, yayye da ƙanne ma su koya, don kada yaro ya zama baƙo a gidan ubansa ranar da ba ta nan. A kira shi da sunansa na yanka, a bar cewa "bebe". In an zo allurar rigakafin sanƙarau ko ta ƙyanda, a fito da ɗiya duka. Kunnen da ke mugunya kuma a kai shi likita tun da wuri, kada a ɗura masa man shanu ko ruwan ganye.