Tsohuwar Land Rover Da Sikelin 'Yan Gwangwan

Tun ran da na ambata a wannan fili cewa ina ƙarar da ranakun Asabar a ƙarƙashin wata tsohuwar mota a unguwar Sauka Kahuta ta garin Minna, wasiƙu suke ta zuwa. Waɗansu suna tambaya ko lafiyata ƙalau. Waɗansu kuwa, musamman wani daga Bida da wani daga Gusau, sun ce su ma akwai irin wannan mota kwance a gidajensu tun rasuwar iyayensu, suna neman shawara ko su gyara ko su sayar. To, yau ga amsa, gwargwadon abin da hannuna ya taɓa.

Motar dai Land Rover ce ƙirar Ingila, wadda mutanenmu suke kira Landiroba, samfurin Series III, doguwar nan mai inci 109 tsakanin ƙafar gaba da ta baya. Mai ita wani dattijo ne da ya yi aikin malamin gona, ya saye ta a gwanjo sa'ad da ma'aikatarsu ta gaji da ita, ya yi shekaru yana ratsa ƙauyukan Paiko da Kuta da ita, rani da damina. Da Allah ya yi masa rasuwa sai ta kwanta a gindin mangwaro, tayoyi suka nutse a ƙasa, kaji suka mai da ita akurki. Ran da na fara ganinta na tarar da 'yan gwangwan su uku tsaye a kanta da sikeli da guduma, suna ciniki da magada. Ba wanda ya tambaya ko injin yana tashi. Nauyi kaɗai suke so su sani, watau baƙin ƙarfe daban, jan ƙarfen lagireto daban, alminiyam daban. Da na makara da kwana ɗaya, da yanzu ƙofofinta sun zama tukwanen tuwon biki a hannun masu zubi.

Wannan alminiyam da 'yan gwangwan suke kwaɗayi yana da tarihi. An fara nuna Land Rover ga duniya a birnin Amsterdam ran 30 ga Afrilu, 1948, shekara uku bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙarfe ya yi wuya a Ingila har gwamnati ce take raba shi ga masana'antu. Saboda haka kamfanin Rover ya ƙera jikin motar da alminiyam, ya bar ƙarfe ga shasi, watau ƙashin bayan da kome yake zaune a kansa. Maurice Wilks, injiniyan da ya kawo shawarar, motar manoma ya nufa. Amma kafin a jima ta zama motar Razdan da Di'o, da likitan dabbobi, da 'yan sanda, da soja, a duk inda Turawan Ingila suka yi mulki. An yi Series II a 1958, da IIA a 1961, sa'an nan Series III daga 1971 zuwa 1985. Nan gida ma kamfanin Leyland ya harhaɗa su a masana'antarsa ta Ibadan. Magajiyarsu Defender ta tsohon fasali an daina ƙera ta a Solihull cikin Janairun 2016, kamfanin kansa kuwa yana hannun Tata na Indiya tun 2008.

Dattawa sun san cewa akwai zamanin da motar Ingila ce mota a ƙasar nan, daga Morris Minor da ake tasi da ita, zuwa Austin da Bedford masu jikin katako da suka yi dakon gyaɗa da auduga. Abubuwa biyu suka taru suka kau da su. Ran 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama kamar maƙwabtanta, motocin da sitiyarinsu yake dama suka zama baƙi a kan hanyarsu. Sa'an nan a 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, gwamnati da ma'aikatanta suka koma 504. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 Minna ta zama hedkwata, Peugeot ce ta cika sakatariya. Land Rover ta ɗan daɗe a daji domin ba ta da kishiya a can, har motocin Japan suka zo suka karɓe wannan ma.

Na saye ta, amma ba a ranar ba, kuma wannan ita ce shawarata ta farko ga mai karatu na Bida. Motar mamaci dukiyar gado ce. Sai da magada duka suka yarda, har da mata biyu da suke aure a wani gari, aka rubuta takarda gaban mai unguwa da shaidu, aka nemo tsofaffin takardun motar, muka gwada lambar da take ciki da wadda aka buga a jikin shasi ta gaba wajen dama, sa'an nan na biya. Wanda ya tsallake wannan, ran da motar ta yi ƙyalli ran nan zai ga masu ita sun yi yawa. A duba sitiyari kuma. Tawa a hagu yake. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha nanata cewa ba a yarda da mota mai sitiyari a dama a hanyoyin ƙasar nan ba, saboda haka mai irin wannan ya san da ƙarin aikin juya shi tun kafin ya sa kuɗinsa.

Daga nan sai na tafka wautar da kowane sabon shiga yake tafkawa: na tafi kasuwa na sayo fenti. Kore na zaɓa, har ina hango kaina a ciki ranar Sallah. Wani tsohon makanike da aka haɗa ni da shi, wanda ya koyi aiki a garejin gwamnati tun yana saurayi, yanzu kuwa ya haura saba'in, ya dubi gwangwanayen fentin, bai ce kome ba. Ya ɗauki ƙaramar guduma ya shiga ƙarƙashin motar yana ƙwanƙwasa shasi taki-taki. Inda ƙarfe yake da rai sai ya yi ƙara tangaran. Da ya kai ƙarfen da ya gitta can baya, sai guduma ta shige ciki, jar ƙasa da tsatsa suka zubo masa a fuska. Ya fito yana karkaɗe hula ya ce, "Ɗana, lalle za ka sa wa amarya, ga ta ba ƙashin baya?" Na ce, "Baba, a yi mini afuwa." Fentin yana nan a ɗaki, wata na bakwai ke nan.

Abin da ya koya mini shi ne Land Rover tana da yaudara. Jikinta ba ya tsatsa, sai mutum ya gan ta garau daga nesa, alhali shasin da bangon da ya raba inji da direba, waɗanda ƙarfe ne, sun rube. A nan Minna abin ya fi muni bisa ga Sakkwato ko Katsina, domin damina tana da tsawo da nauyi, laka tana shiga cikin shasi ta kwana da danshi wata da watanni. Kuma duk inda alminiyam ya manne da ƙarfe ruwa ya shiga tsakani, sai alminiyam ɗin ya riƙa zama farin gari. Don haka tsarin aikin Baba shi ne shasi tukuna, sa'an nan birki, sa'an nan sitiyari da sifirin, sa'an nan inji da giya, sa'an nan waya. Fenti shi ne na ƙarshe.

Injin kuwa bai ba mu wuya kamar yadda na zata ba. Mai silinda huɗu ne, lita biyu da kwata, na fetur, ba kwamfuta a cikinsa ko ɗaya. Baba bai yarda a sa batir ba sai da ya cire fulogi, ya ɗura mai a kowane rami, aka bar shi mako guda, sa'an nan ya zura hannun tayarwa ta gaba ya juya a hankali har ya ji fistin suna motsi. Aka wanke tanki da kafireta, aka sake kwantak. Tazarar bawul inci 0.010 ce, ta kwantak kuwa wajen 0.015, shi kuwa da yatsa yake jin su kafin ya sa ma'auni ya tabbatar. Ran da ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe gidan, yaran unguwa suka yi ta sowa, wata tsohuwa daga cikin gidan ta leƙo ta koma tana share hawaye, domin ta san wannan ƙara.

Akwai ƙananan abubuwa da suke kashe irin waɗannan motoci a hannun makanikan zamani, ba don mugunta ba, sai don ba a koya musu ba. Yawancin notinanta da inci aka auna su, sifanun da suke kasuwa yau kuwa na milimita ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, sifana mai lamba 13 za ta shiga amma da sako-sako, in aka matsa sai ta cinye kan notin. Ƙwallayen nan biyu na ƙafafun gaba da taya take juyawa a kansu, man giya mai kauri ake zuba musu, in suka bushe an shiga uku. Sandar nan mai jan kai da mai rawayan kai da suke kusa da giya, na shiga laka da yashi ne, wanda ya sa su a kan kwalta yana neman karya aksil. Fetur ma ya sake. An ƙera injin ne zamanin da ake sa wa fetur darma, ga shi an daina sayar da irinsa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, saboda illarsa ga lafiya, musamman ta yara. Mai niyyar doguwar tafiya da gudu sai ya sa a dasa wa kan injin mazaunin bawul mai tauri.

Kayan gyara suna samuwa, amma da yawo. Mun sami waɗansu a Panteka ta Kaduna, waɗansu a Ƙofar Ruwa ta Kano, abin da ya gagara kuwa maƙera da masu walda suka ƙera. A Ingila har yau akwai kamfanonin da suke yin kusan kowane ƙarfe na wannan mota sabo, har da shasi ɗungum, domin can motar da ta shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya, masu sha'awarta kuma suna da ƙungiyoyi. Sai dai tun da darajar naira ta faɗi a 2023, abin da aka saya da fam sai an yi shawara da aljihu sau biyu. Wani mai kaya a wata kasuwa ya taɓa sayar mini da robobin birki cikin kwali mai tambarin Ingila, ba su yi mako uku ba suka narke. Tun daga nan ba na sayen kome sai da Baba, ko da tsohon ƙarfen a hannuna.

Abokai da dama sun ce in cire injin in dasa na Toyota in huta, tun da tallafin fetur ya tafi a watan Mayun 2023, ita kuwa Landiroba ba ta san tsimi ba. Ban ga laifin manomin da ya yi haka don ya kai doya kasuwa ba, gara wannan da sikeli. Amma ni ba abin da nake nema ke nan ba. Ina da babur na zuwa ofis. Ga mai karatu na Gusau kuwa, wanda ya ce yana so ya gyara ta mahaifinsa don ya yi haya da ita, gaskiya ita ce ba za ta mai da kuɗinta ba. In ba shi da halin jira, ya nemi mai sha'awa ya sayar masa da ita a tsaye. In wannan ma ya gagara, to, a kwance ta a sayar wa masu gyara ƙarfe-ƙarfe, ko giyarta ta tashi wata.

Abin da ya fi damuna ba motar ba ce, Baba ne. Idanunsa sun fara rauni, sa'o'insa da suka san wannan aiki a Minna kuwa, in ji shi, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Yaran gareji na yau sun gwanance da na'urar da ake maƙala wa mota ta faɗi ciwonta, kuma ba a ga laifinsu ba, can abinci yake. Na roƙi wani maigidan gareji a unguwar ya ba mu yara biyu ran Asabar, ni nake biyan kuɗin abincinsu. Ɗaya ya gudu bayan mako biyu. Ɗayan yana nan, ya iya saita kwantak, ya fara rarrabe ƙarar bawul da ta fistin da kunne. Na kuma sayi littafi mai bango mai kauri ina rubuta duk abin da Baba ya faɗa, da Hausa, da sunayen da shi yake kiran kowane ƙarfe.

Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗaga jikin motar daga kan shasi, aikin da yake bukatar ƙarti shida da turame huɗu na ɗorawa. Har yanzu muna neman murfin akwatin giya na Series III da gilashin gaba na ɓangaren direba. Duk wanda ya san inda wata take kwance, a Kontagora ne ko a Suleja ko a wani wuri, ya rubuto ta hannun Edita kafin masu sikeli su riga mu.